Zaɓen Na'urar Ji Ga Mai Raunin Kunne: Misali Daga Ƙasar Birnin Gwari

1. Gabatarwa

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, watau ta hanyar ji ne mutum yake sanin abin da ya faru tun ba a haife shi ba. Da kunne ɗalibi yake ɗaukar karatu, da shi ma'aikaci yake sauraron masu zuwa ofis da buƙatunsu, da shi ne kuma manomi yake jin motsin abin da ke tafe da shi a bakin daji. Duk da haka, mutum ya kan gaggauta neman tabarau idan idonsa ya yi rauni, amma idan kunne ne sai ya yi shekaru yana ɓoyewa, don gudun kada a kira shi kurma.

Manufar wannan lacca ita ce bayyana yadda mai raunin ji zai zaɓi na'urar da ta dace da shi. Za a ɗauki ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna, a matsayin misali, saboda sharuɗɗan da ake dubawa wajen zaɓen sun fi fitowa fili a wuri mai nisa da manyan asibitoci, mai ƙura da rani, mai laima da damina.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2021, an ƙiyasta cewa mutum fiye da biliyan 1.5 ne ke da raunin ji iri-iri, kuma miliyan 430 daga cikinsu raunin ya kai yadda suke buƙatar kulawa. Rahoton ya nuna cewa daga cikin waɗanda na'urar ji za ta amfana, kimanin kashi 17 cikin 100 ne kaɗai suke amfani da ita.

2. Yadda Kunne Yake Ji

Kunne kashi uku ne. Akwai kunnen waje, watau fatar da ake gani da ramin da ya zarce zuwa dodon kunne. Akwai kunnen tsakiya, inda wasu 'yan ƙasusuwa guda uku suke, waɗanda saboda siffarsu ake kiransu guduma da uwar maƙera da likkafa. Sai kunnen ciki, inda ake da wani abu mai kama da katantanwa, cike da ruwa da dubban 'yan gasusuwa masu laushi. Sauti ya kan bugi dodon kunne, ƙasusuwan nan su miƙa girgizar zuwa katantanwa, gasusuwan su juya ta ta koma saƙo, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa.

Daga nan ne aka raba raunin ji gida biyu. Na farko shi ne wanda hanya ce ta toshe, sauti bai isa ciki ba. Dauɗar kunne idan ta daskare, ko ruwa ya taru bayan dodon kunne, ko dodon ya huje yana zubar da mugunya, duk suna kawo irin wannan. Sau da yawa ana warkar da shi da wanki ko magani ko aiki, ba tare da an sayi na'ura ba. Na biyu shi ne wanda gasusuwan katantanwa ko jijiyar ji suka lalace. Gasusuwan nan idan sun mutu ba sa sake tsirowa, saboda haka a nan ne na'urar ji ta fi yin amfani. Akwai kuma wanda ya haɗa duka biyun. Wannan bambanci shi ne tushen zaɓe baki ɗaya, kuma ba a gane shi da ido, sai da awo.

3. Abubuwan Da Ke Raunana Ji A Ƙasar Birnin Gwari

Birnin Gwari tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin zafi. A annobar shekarar 1996, mutum fiye da 100,000 ne suka kamu a arewacin Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma kurumta na daga cikin manyan tabon da cutar ke bari ga waɗanda suka tashi. Ƙyanda da hangum su ma suna taɓa kunnen ciki. Haka nan zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Barno a shekarar 1969, ya kan bar wani kaso na waɗanda suka warke da raunin ji. Wasu magunguna ma, irin su allurar jentamaisin da sitireftomaisin da kuma kwinin, suna iya cutar da kunne idan aka sha ko aka yi su ba bisa ƙa'ida ba.

Sai kuma ƙara. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum ta kan kai kimanin desibel 60. Masana sun tabbatar cewa wanda yake wuni awa takwas kullum cikin ƙarar da ta kai desibel 85, kunnensa yana cikin haɗari. Ƙasar Birnin Gwari ƙasar noman masara ce, kuma an san ta da haƙar zinariya tun zamanin Turawa. Mai injin niƙan hatsi, da mai injin niƙa dutse a wurin haƙar zinariya, da mai injin yanka katako a gefen daji, da mai zama kusa da janareto, duk suna cikin ƙarar da ta wuce wannan iyaka. Ƙarar bindiga kuwa, wadda mutanen ƙauyukan da ke kewaye da dajin Kamuku da na Kuyambana suka sha fama da ita a shekarun rashin tsaro, harbi ɗaya kusa da kunne ya isa ya yi ɓarna ta dindindin. A ƙarshe akwai tsufa, wanda ke rage ji sannu a hankali a kunnuwa biyu.

4. Dalilin Da Ya Sa Ake Jin Murya Ba A Gane Magana

Ɗalibin harshe zai ga wani abin lura a nan. Kowane sauti yana da yawan girgizar da yake yi a daƙiƙa ɗaya. Wasula da karin sautin Hausa, watau hawa da saukar murya, suna cikin sautuka masu kauri, masu ƙarancin girgiza. Baƙaƙe irin su s da sh da ts da f kuwa sirara ne, yawancin ƙarfinsu yana can sama, wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa ko fiye. To, raunin da tsufa da ƙara ke kawowa ya kan fara cin siraran sautuka ne tukuna.

Saboda haka dattijo ya kan ji muryar mai magana sarai, ya ji hawanta da saukarta, amma ya kasa bambance sara da shara, ko fata da sata, ko tsari da shari. Shi ya sa ya kan ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki idan suna magana. Shi ya sa kuma ɗaga masa murya ba ya magance abin, domin wasulan da yake ji da ma su ake ƙara wa ƙarfi, baƙaƙen da suka ɓace masa suna nan a ɓace. Na'urar da ta dace da irin wannan mutum ita ce wadda za ta ƙara siraran sautuka ta bar masu kauri kusan yadda suke.

5. Awo Kafin Saye

Matakin farko shi ne likita ya leƙa kunne. Akwai alamomin da idan an gan su ba maganar sayen na'ura ake yi ba tukuna: kunne mai zubar da ruwa ko mugunya, ko mai ciwo, ko raunin da ya kama kunne ɗaya kawai, ko wanda ya zo tare da jiri. Mafi gaggawa shi ne ji ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan a kai shi asibiti nan da nan, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko.

Mataki na biyu shi ne awon ji. Ana sa mutum a ɗaki marar hayaniya, a ɗora masa abin sauraro a kunne, a riƙa sako masa sautuka daga mai girgiza 250 har zuwa mai 8,000, yana nuna alama duk lokacin da ya ji. Sakamakon ana zana shi a takarda, ita ce taswirar ji, kuma kowane kunne da tasa. Bisa rabon Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, wanda ke jin sautin da bai kai desibel 20 ba lafiyarsa lau. Daga 20 zuwa ƙasa da 35 rauni ne kaɗan. Daga 35 zuwa ƙasa da 50 matsakaici ne. Daga 50 zuwa ƙasa da 65 ya fara tsanani. Daga 65 zuwa ƙasa da 80 mai tsanani ne. Daga 80 zuwa sama kuwa ya yi zurfi ƙwarai. Yana da kyau a haɗa da gwajin kalmomi, kuma Bahaushe ya nemi a gwada shi da kalmomin Hausa, domin wanda aka gwada da harshen da bai ƙware a kansa ba zai faɗi gwajin ba don laifin kunne ba.

Ga mutumin Birnin Gwari, wurin da ya fi kusa kuma aka keɓe don wannan aiki shi ne Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, tafiyar kimanin kilomita 120. Akwai kuma sassan kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Mai zuwa ya riƙe kwafin taswirar jinsa, don da ita ake saita na'ura, da ita kuma za a kwatanta awon gaba.

6. Ire-iren Na'urorin

Kowace na'urar ji tana da sassa huɗu: makirufo mai ɗaukar sauti, da sashen da ke ƙara masa ƙarfi, da 'yar lasifika mai zuba shi a kunne, da batir. An fara yin mai aiki da lantarki a Amurka a 1898, ta ƙanƙance bayan shigowar taransisto a farkon shekarun 1950, sannan a 1996 aka fito da wadda 'yar kwamfuta ke sarrafa ta gaba ɗaya. Ita wannan ana iya saita ta bisa taswirar mai ita, kuma tana danne ƙara mai ƙarfi don kada ta cutar.

Iri na farko ita ce mai rataya a bayan kunne. Wani ɗan bututu ne ke haɗa ta da matoshin da aka zuba daidai da ramin kunnen mai ita. Ta fi kowace ƙwari da ƙarfi, tana ɗaukar rauni daga kaɗan har zuwa mai zurfi, kuma gyaranta ya fi sauƙi. Ita ake ba yara.

Iri na biyu ita ma a bayan kunne take, sai dai ƙarama ce, kuma lasifikarta tana cikin ramin kunne, siririyar waya ta haɗa su. Tana da daɗin sauti ga mai raunin siraran sautuka, ba ta kuma cika fitowa fili ba. Aibinta shi ne dauɗa da gumi suna saurin toshe lasifikar.

Iri na uku ita ce mai shiga cikin kunne ɗungurungum. Masu jin kunya sun fi sonta. Amma ƙarfinta bai kai na ta baya ba, batirinta ƙarami ne, tsoho mai rawar hannu ko raunin ido zai sha wahalar sarrafa ta, kuma ba ta dace da kunne mai ruwa ba.

Iri na huɗu ita ce mai aika sauti ta ƙashin bayan kunne, ba ta ramin ba. An yi ta ne don wanda aka haifa ba ramin kunne, ko wanda kunnensa ya ƙi daina zubar da mugunya.

Idan rauni ya yi zurfi har na'ura mafi ƙarfi ta kasa, sai a duba maganar dashe, inda ake yin aiki a zura siririyar waya cikin katantanwa ta riƙa taɓa jijiyar ji kai tsaye. Aiki ne mai tsada, mai buƙatar horo na dogon lokaci. Wanda sanƙarau ya kurumtar a gaggauta duba shi, domin katantanwar tana iya ƙanƙarewa ta zama ƙashi cikin 'yan watanni.

7. Sharuɗɗan Zaɓe

Sharaɗi na farko shi ne ƙarfin na'ura ya dace da taswira, kuma ya bar ɗan sarari ko da raunin zai ƙaru. Idan kunnuwa biyu ne suka raunana, na'ura biyu ta fi ɗaya, domin da kunne biyu ake gane inda sauti ya fito. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tafiya a gefen titi ko mai noma nesa da gari. In hali bai ba da biyu ba, masanin awo shi zai faɗi kunnen da ya fi cancanta.

Na biyu shi ne batir. Batiran da ake jefarwa girma huɗu ne, kowane da launin takardarsa: lamba 10 rawaya, 312 ƙasa-ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ƙaramin ya kan ƙare cikin 'yan kwanaki, babban ya kan kai mako biyu ko fiye. Da iska suke aiki, saboda haka da zarar an ɓare takardar sun fara ci, ko an sa su ko ba a sa ba. Mutumin Kuyello ko Dogon Dawa ko Randagi ya tambayi kansa tun kafin ya biya kuɗi: a ina zai riƙa samun wannan batir? Wadda ake yi wa caji ta raba shi da wannan damuwa, in dai yana da hanyar cajin kowane dare, ko da faifan hasken rana ne. Batiran nan kuma a ɓoye su daga yara, domin haɗiye su yana iya ƙona maƙogwaro.

Na uku shi ne yanayi da sana'a. Ƙurar hunturu tana toshe makirufo, gumin bazara da laimar damina suna sa tsatsa. Manomi da ɗan kasuwar kara sun fi dacewa da mai rataya a baya mai matoshi, wanda ake cirewa a wanke. Malamin makaranta da ma'aikacin da ke zaman taro su nemi mai makirufo biyu, wadda ke fifita muryar da ke gaba a kan hayaniyar baya. Mai yawan amfani da wayar hannu ya gwada na'urar da wayarsa tun a wurin saye.

Na huɗu shi ne abin da zai biyo bayan saye. Kuɗin na'ura ba shi ne ƙarshen kashewa ba. Akwai batir, da sauya bututu da matoshi, da kuɗin motar komawa saiti sau biyu ko uku a watannin farko, kuma ita kanta na'urar ta kan yi kimanin shekara biyar. A nemi takardar garanti, a tambayi inda ake gyara, a tambaya ko akwai lokacin gwaji. Na'ura mai sauƙin kuɗi da aka saita daidai, wadda mai gyaranta ke Kaduna, ta fi mai tsada da aka aiko daga waje ba wanda ya san kanta.

8. Na'urorin Kasuwa

Ana sayar da wasu 'yan na'urori a kasuwa da intanet masu kama da na'urar ji, alhali kuwa ƙara sauti kawai suke yi, kowane iri daidai wa daida. Araha ba ta ado. Suna ƙara kukan babur da na injin fiye da yadda suke fito da magana, wasu kuma ba su da iyakar ƙarfi, suna iya cinye ɗan jin da ya rage. Gaskiya ne a watan Oktoba na 2022 Amurka ta halatta sayar da wasu na'urorin ji ba tare da takardar likita ba, amma ga manya ne kawai masu shekara 18 zuwa sama, masu rauni kaɗan ko matsakaici, kuma da dokar da ta ƙayyade ƙarfinsu. Haka nan na'urar da aka gada ko aka ara, an saita ta ne da kunnen wani, sai an sake saita ta an zuba sabon matoshi.

9. Maganar Yara

Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro da kunne yake koyon magana, kuma shekarun farko su ne lokacin koyon. Ƙa'idar da masana suka shimfiɗa ita ce a gwada jariri cikin watan farko, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Jaririn da ba ya firgita da ƙara, ko yaron da ya wuce shekara bai fara kiran baba ko mama ba, a kai shi awo, kada a ce nauyin baki ne na gado. Tun da kunnensa yana girma, za a riƙa sauya masa matoshi akai-akai.

Na'ura ba ta hana koyon maganar hannu. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu cikakke, wanda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kansa a shekarar 2000, kuma makarantar Tudun Maliki da ke Kano ta daɗe tana karantar da su. Yaron da ya sami harshe da wuri, da baki ko da hannu ko duka biyu, shi ne zai iya karatu.

10. Sabo Da Kulawa

Na'urar ji ba ta mayar da kunne sabo. A makonnin farko mai ita zai ji muryarsa ta sauya, takun sawu da motsin kwano su dame shi, domin ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta ji su ba. A nan ne mutane da yawa suke jefa ta a akwati. Abin yi shi ne a fara da 'yan awoyi a cikin gida, a riƙa ƙarawa kullum har a kai ga wuni. Idan tana fito, yawanci matoshin ne bai zauna ba ko dauɗa ta taru. A cire ta lokacin alwala da wanka da barci, a goge da busasshen ƙyalle, a kwantar da ita cikin gwangwani mai murfi da abin tsotse laima. Kada a sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza, kada kuma a ɗiga masa mai ko ruwan ganye. Iyali su ma suna da nasu aikin: su fuskanci mutum idan za su yi masa magana, su yi ta a natse, ba da tsawa ba.

11. Kammalawa

An ga cewa zaɓen na'urar ji yana bin tsari: a duba kunne, a auna ji, a zaɓi irin da ya dace da taswira da sana'a da yanayin wuri, a saita, sannan a koma bibiya. Wanda ya tsallake matakan farko ya faɗa kan saye, ya kan yi asarar kuɗi, wani lokaci har da sauran jinsa.

Akwai kuma nauyi a kan ma'aikatan hukuma. Dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta hana a tauye wa mai raunin ji haƙƙinsa a makaranta ko wurin aiki. Bayan sulhun da aka ƙulla a ƙarshen 2024, lokacin da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, ya dace duba kunne ya shiga cikin ayyukan lafiya da ake mayarwa ƙauyuka. Ma'aikacin ƙaramin asibiti yana iya koyon leƙa kunne da wanke dauɗa da tura marar lafiya gaba, malamin firamare ya lura da yaron da kullum yake cewa a maimaita, a kuma yi amfani da ranar 3 ga Maris, ranar ji ta duniya, a kai awo kasuwanni da makarantu. Rigakafi dai ya fi magani: allurar ƙyanda da ta sanƙarau ga yara, da matoshin kare ƙara ga mai injin niƙa, sun fi kowace na'ura araha.